Mai Lamba Huɗu

Hajiya Ƙaltume ba ta taɓa kama sunan ɗanta na fari ba. Ba faɗa suka yi ba, ba kuma laifi ya yi mata ba. Haka ta tarar ana yi a gidansu a Zariya: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. In magana ta kama dole sai ta ce "yaron nan," ko "na wajen Yaya Bature." Sunansa Hamid. Mu da ba mu haife shi ba muna iya faɗa.

Yana shekara huɗu Yaya Bature, wan mijinta, ya zo hutu daga Kanada, inda yake aikin likita a wani ƙaramin gari mai azabar sanyi. Allah bai ba shi haihuwa ba. A gaban dangi mijinta, Alhaji Ɗayyabu, ya ce ya ba wan nasa yaron, aka waiwayo ana jiran ta bakinta. To me za ta ce? Ta ce ai dama nasa ne. Da hannunta ta haɗa wa yaron kaya, ba ta yi kuka ba sai da ta shiga banɗaki ta saki famfo. Mata suka yi ta yabon kararta, yabon da bai taɓa sa ta barci ba.

Bayan wasu shekaru Alhaji ya sami aikin haɗa magunguna a wani asibiti a Madina, suka tare a hawa na biyu na wani gida a unguwar Harra ta Yamma. Nan ta haɗu da sabuwar fitina, don matan Madina da sunan ɗan fari suke kiran mace. Ko ina ta juya sai ta ji "Ummu Hamid," ta ji kamar an yaye mata mayafi a kasuwa. Ta roƙe su su riƙa cewa Ummu Wafa, da sunan autarta. Wasu suka yarda. Maƙwabciyarta Hajo kuwa, tsohuwar da kakanninta suka zo hajji a ƙafa daga Damagaram suka zauna, ta ce ita ba ta san wannan zance ba.

A can kuma yaro ya kama wasan hoki na kan ƙanƙara. Ranar da Yaya Bature ya fara faɗa a waya, Alhaji ya yi dariya har da tari, ya ce shi bai san haɗin Bahaushe da ƙanƙara ba sai a cikin zoɓo. Wasa-wasa abu ya zama sana'a. Yana shekara sha shida ya bar gida ya bi ƙungiyar samari, daga nan aka fara biyansa, har ya ɗan leƙa babbar gasar ƙasar na 'yan makonni kafin a mayar da shi ƙasa. Ya yi ta yawo daga wannan gari zuwa wancan a cikin bas, daga ƙarshe wata ƙungiya a Jamus ta ɗauke shi.

Yaya Bature mutum ne mai cika alkawari. Duk wasan da ya samu a kaset sai ya aiko. Alhaji yakan sa kaset ɗin bayan cin abinci, ya kalli rabi, barci ya kwashe shi, washegari ya jefa shi cikin kwali a bayan kujera. A irin wannan lokaci Ƙaltume takan sami aiki a kicin. Amma da safe, in ya fita asibiti, sai ta ja labule, ta rage murya, ta zauna a ƙasa dab da talabijin.

Da farko ba ta gane komai ba, sai maza masu takalma da wuƙa a ƙasa suna bin wani ɗan faifan baƙar roba, kamar ƙonanniyar masa, da sanduna masu lanƙwasa. Fuska kuwa hular kwano ta rufe. Lambar rigar yaron ta riƙe, huɗu, a hankali kuma wasan ya buɗe mata. Ta gane nata ɗan baya ne. Ba aikinsa ba ne ya ci. Aikinsa ya hana a ci. Yakan ja da baya da baya yana fuskantar masu kawo hari, in sun ɗirko faifan ya shimfiɗa jikinsa ya tare. In faifan ya shige lungun fili, shi ne zai fara zuwa ɗaukowa, bayansa a buɗe ga duk ƙaton da ke tahowa. Ta daɗe tana mamakin wai har biyan mutum ake yi ya tare jifa da ƙirji. Abu ɗaya ke kwantar mata da hankali: kullum kafin ya shiga lungu sai ya waiga ta kafaɗar hagu, waigen da bai fi ƙiftawar ido ba, ya san wanda ke bayansa.

A farkon shekarar dubu biyu da biyu kaset biyu suka iso tare, babu ko gaisuwa a jikinsu. A na farko mai lamba huɗu ya shiga lungu, ya waiga, amma ta dama mutumin ya ɓullo. Kansa ya daki katangar gilashi, ya zube. Ƙaltume ta tsinci kanta a tsaye, hannu a kan talabijin. Ya daɗe a kwance kafin ya miƙe. Jama'a suna ta tafi, shi kuwa ya nufi bencin abokan hamayya zai zauna, sai da alƙalin wasa ya kamo hannunsa ya juyo da shi kamar makaho.

Kaset na biyu na bayan wata biyu ne. Ya dawo fili, yana gudu, yana tarewa. Amma ya daina waige. Sau nawa ta mayar da kaset ɗin baya tana neman waigen nan, ba ta gan shi ba. Ta gane Yaya Bature hannunka mai sanda ya yi musu, tun daga ranar kuma abinci ya daina yi mata daɗi.

Da zafi ya kai zafi, lokacin da ɗanyen dabino ya cika kasuwa, Hamid ya zo hutu. Ƙato ne, sai ya sunkuya yake shiga ƙofar falo, haƙoransa na gaba na roba ne. Ya durƙusa ya gaishe ta da Hausar nan tasa ta wanda ya koya a bakin mutum ɗaya, daidai take amma a hankali.

"Hajiya, mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau. An zo lafiya? Ya mutanen gidan?" Ta faɗa tana kallon tiren shayi, ta tashi ta koma kicin.

Daga kicin ɗin take kallonsa, ido kuwa ba mudu ba ne amma ya san kima. Baƙin tabarau ba ya barin fuskarsa ko a cikin ɗaki. Ya tambaya ina Wafa, aka ce tana Jidda wajen karatu, kafin a kwashe kwanuka ya sake tambaya. Ya zo zuba shayi, ya zuba a gefen kofi. Ranar da suka je Harami sallar azahar, hasken farin dutsen farfajiya ya sa shi amai, Alhaji ya ce zafin Madina ne, ba ya raga wa baƙo. Wata safiya kuma ya fita gudu bayan asuba, ta hango shi ta tagar kicin a ƙofar gidan da ke kallon nasu, yana ta kokawa da makulli. Ya jima a haka, sannan ya ja baya ya tsaya yana duban gidajen layin ɗaya bayan ɗaya. Ba ta bar tagar ba har ta ji takunsa a matakala.

Da ya shiga wanka ta sami mijinta.

"Alhaji, na wajen Yaya Bature ba shi da lafiya."

Alhaji ya ajiye kofinsa, ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Ta san wannan gogewar, ta mai neman inda zai fara ce.

"Na sani. Yaya ya gaya mini, ban so in ɗaga miki hankali ba. Wannan buguwa ta uku ke nan. Likitan ƙwaƙwalwa ya ce in ya sake samun irinta ana iya rasa shi, ko a same shi a rasa hankalinsa."

"To ai sai ya bari."

"Ƙungiyarsa ta sallame shi. Amma wata ta ce tana so, ƙarshen watan nan za su fara atisaye, ya kuma amsa musu."

"Ka yi masa magana mana."

"Yaya da ya riƙe shi ya yi, bai ji ba. Zan gwada. Amma mutum ya kusa talatin, Ƙaltume, ba a ɗaure shi."

Ya gwada bayan la'asar, tana jin su daga kicin ta bayan labule. Alhaji ya kawo ilimi, ya kawo addini, ya ce jiki amana ne. Hamid ya saurara da ladabi har ya gama.

"Abba, kai ne kawai yake ɗan ciwo, zai wuce. Ban iya komai ba sai wannan. Kuma ka san wani abu?" Ya yi 'yar dariya. "In na tare faifan nan da jikina, duk filin sai ya ɗauki sunana. Mutane dubbai, ba su san ni ba, suna kira. Mutum yana sabawa da abin."

"Mahaifiyarka ma hankalinta ba a kwance yake ba."

"Hajiya?" Ya sake dariyar, wannan karon gajera. "Hajiya ba ta ma san aikin da nake yi ba. Kada ka ɗora mata."

Ludayin da ke hannun Ƙaltume ya tsaya a cikin tukunya. Ba ta ji haushinsa ba. Ina zai sani? An raine shi a inda uwa ke rungume ɗanta a bakin titi tana kiransa da sunaye bakwai. Abin da ita take kira kunya, shi wani suna ya ba shi tun yana ƙarami, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya fassara masa.

Washegari Hajo ta shigo da kwanon ɗanyen dabino da ɗanta ya kawo daga Khaibar. Kallo ɗaya ta yi mata ta zauna.

"Ya Ummu Hamid, esh fiki, me ke damunki? Kin rame marra, sosai fa."

"Hajo, don Allah, sunan nan."

"Halas, ya isa, ni na gaji da wannan abu naki. Na ga walad ɗin, yaron naki, jiya yana neman ƙofarku kamar baƙo. Ciwo ne?"

Ƙaltume ta gaya mata, a gutsure, tana kewaye sunan kamar mai kewaye rijiya. Hajo ta tofar da ƙwallon dabino a tafin hannu.

"Ɗayyib, na ji. Ubansa ya yi magana, amminsa, wan uban nasa, ya yi, daktur ya yi. Saura wa?"

"Ba a yi a wajenmu. Kuma na bayar da shi. In na sa baki yanzu, kamar na karɓe kyauta ne."

"Kunyar nan kakata ma ta zo da ita daga Damagaram a ƙafa. Da ta rasu muka haɗa su muka binne a Baƙi'a. Ya ukhti, 'yar'uwata, in an kawo miki shi a kan keken mustashfa, keken nan na asibiti, bai san kowa ba, wa za ki ji wa kunyar?"

Magana ce mai sauƙi a bakin Hajo. Amma harshen da ya shekara kusan talatin yana kauce wa kalma ɗaya ba ya miƙewa don an ce ya miƙe. Akwai kuma abin da ba ta gaya wa Hajo ba, wanda ya fi kunyar nauyi: tsoro take kada ta buɗe baki ya dube ta da ladabin nan nasa, irin wanda ake yi wa baƙuwa, ya ce ya gode, ya ɗauki jakarsa.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Ta dafa masa duk abin da ta tuna yana so yana ɗan shekara huɗu, ya ci ya ce an gode. Ta je Harami ta yi addu'a har ƙafafunta suka yi tsami, a addu'ar ma "yaron nan" take cewa, ta san Wanda take roƙo ya san wanda take nufi. Sau biyu ta tsaya a ƙofar ɗakinsa da magana a baki, sau biyu ta ɓige da tambayar ko akwai kayan wanki.

Ranar tafiya ta zo. Da hantsi Alhaji ya sauka da jarkar zamzam da kwalin dabino, ya ce zai tayar da mota ta yi sanyi, Hamid ya same shi a ƙasa. Ƙaltume na tsaye a tsakiyar falo, tana jin ƙarar zif ɗin jaka daga ɗaki. Ba ta shirya komai ba. Hannunta ne kawai ya yi abin da ya saba yi kowace safiya. Ta jawo kwalin daga bayan kujera, ta zaro kaset na biyun nan, ta tura a bidiyo, ta zauna a ƙasa dab da talabijin. Labulen ne kaɗai ba ta ja ba.

Ta ji fitowarsa, ta ji jaka ta sauka a kan kafet. Ba ta juya ba. Talabijin ta yi wa magana.

"Mai lamba huɗun nan," ta ce, "lokacin da yake sa koriyar riga gaggawa ta yi masa yawa. Da an taho sai ya yi kan mutum, a zille masa a wuce. Sai da ya koma masu jar riga ya koyi haƙuri, ya riƙa ja da baya yana jira. A wajensu ne aka cire masa haƙora, bai ko fita daga fili ba. Ban ji daɗin wannan ba."

A talabijin mai lamba huɗu ya nufi lungu. Ta danna, hoton ya tsaya yana karkarwa.

"Duk shekarun nan, kafin ya shiga wajen nan sai ya waiga ta hagu. Shi ya sa nake iya kallo. To ga shi nan, tun da ya bugu ya daina. Ba ya ganin na bayansa. Ina jin in ya juya kan da sauri, duniyar ce take juya masa."

"Duka kika kalla?" Muryarsa ta fito ƙasa-ƙasa.

A ƙasa Alhaji ya danna hon, gajere.

"Yaron nan da yana da uwa," ta ce wa talabijin, "da ta hana shi komawa."

Da Hamid ya yi magana, shi ma hoton ya kalla.

"Wataƙila yana da ita. Bai dai tabbatar ba. An ce masa tana nan, amma bai taɓa jin ta neme shi ba."

Babu zafi a yadda ya faɗa, shi ya sa ta soke ta. Ta ji ya sunkuya, ta ji hannun jakar ya yi ƙara. Sauran taku uku ne tsakaninsa da ƙofa, daga ƙofa sai mota, daga mota sai lungun nan da ba ya iya waige a cikinsa. Uwarta ta faɗo mata a rai, da matan Zariya masu yabon kara, da famfon da ta saki. Ta dafa ƙasa ta juyo gaba ɗaya, ta ɗaga kai ta dubi fuskarsa, abin da rabonta da yi tun yana goye.

"Hamid."

Sunan ya fito kamar ba da bakinta aka faɗa ba.

"Hamid, kada ka tafi. Ni na haife ka, ni ce kuma nake roƙonka. Na ba da kai sau ɗaya ban ce komai ba. Ba zan iya na biyu ba."

Ya tsaya da jaka a hannu. Can ya sake ta, ya cire baƙin tabarau, hasken taga ya sa ya runtse ido. Ya lanƙwashe dogayen ƙafafunsa ya zauna a kafet a gabanta, kusa har tana ganin tabon ɗinki a haɓarsa. Hon ya sake tashi a ƙasa, dogo wannan karon. Ba wanda ya motsa a cikinsu.

"Hajiya," ya ce, "ki sake faɗa. Yanzu ina manta abubuwa. Ban gaya wa kowa ba, amma ina mantawa sosai."

Ta sake faɗa. Ta kuma faɗa, a hankali, yadda ake karanta wa yaro abin da ake so ya riƙe. Tana cikin faɗa ta ji Alhaji ya kashe motar a ƙasa.